Filin Tsohon Akawu: Tsakanin Kebbe da Kebbi Harafi Ɗaya Ne



A makon jiya na yi muku alkawari zan ƙarasa zancen nan namu na yadda ake tsara wasiƙar ofis. To, ku gafarce ni, yau zan saɓa. Wani abu ne ya auku a gabana, na ga in na bar shi ya kwana a cikina na ci amanar wannan fili.

Kwanan baya ina zaune a zaurena nan Tambuwal bayan La'asar, sai ga wani tsohon abokina ya yi sallama. Mutumin Kuci ne ta ƙasar Kebbe, malamin makaranta, ya yi shekara 35 da alli a hannu kafin ya ajiye aiki. Ba zan faɗi sunansa ba, sai dai ku sani sunan yankansa Muhammadu, wanda kuwa kusan rabin mazan ƙasarmu ke amsawa. Muka gaisa, aka kawo fura ya sha. Da ya ajiye ludayi sai ya dube ni ya ce, "Malam, an ce babu ni."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya babu kai, ga ka zaune ka shanye mini fura?"

Bai yi dariya ba. Ya ce an yi aikin tantance masu karɓar fansho, ya tafi ofishin da aka ce ya je, akawu ya duba kwamfuta ya ce babu sunansa. Ya koma gida ya tattaro takardunsa ya dawo, aka sake dubawa, babu. Zuwansa uku ke nan, kuɗin mota kaɗai ya ci masa akuya, ga iyali, ga damina ta kawo jiki ba a sayi taki ba. Abin da ya fi ci masa rai ma ba kuɗin ba ne. Cewa ya yi, "Yaran da na koya wa a, ba, ca, su ne yau ke gaya mini ba a taɓa ɗaukata aiki ba."

Washegari na raka shi. Ina so in faɗi gaskiya a kan akawun nan, don kada wani ya ɗauka mugu ne. Yaro ne mai ladabi, ya tashi ya ba mu kujera, ya juyo mana da fuskar kwamfuta muna gani. Ya buɗe jadawalin mutanen Kebbe, ya rubuta Muhammadu da sunan mahaifin Malam a gurbin nema, na'ura ta ce ba ta gani ba. Ya ce, "Baba, kun gani da idonku." Lalle mun gani. Iyakar abin da aka koya masa ke nan, ya kuwa yi shi daidai.

Muna shirin tashi sai wata yarinya mai bautar ƙasa da ke zaune a kusurwa ta ce, "Baba, ku ɗan dakata." Ta shiga wurin shugaban ofis ta nemi izini, ya ba ta. Ta zauna, ta ture linzamin kwamfutar gefe guda, ta buɗe wani allo baƙi ƙirin, ba hoto, ba ado, sai wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa kamar idon mage. Ta tambayi Malam garin da aka haife shi, ya ce Kuci. Ta buga layi guda na rubutu, wanda a idona ya fi kama da hatimin malaman tsibbu, ta danna. Kafin Malam ya gyara zaman hularsa sai ga layuka kaɗan sun fito. A cikinsu akwai lambar aikinsa da ranar da aka ɗauke shi, ba kuskure. Amma an rubuta sunansa Moh'd, an rubuta garinsa Kuchi, a gurbin ƙaramar hukuma kuma, maimakon Kebbe, wani mai buga rubutu ya sa Kebbi. Da aka zo rarraba sunaye, wanda ya ga Kebbi ya ɗauka mutumin wata jiha ne, ya tura layin cikin wani fayil dabam na waɗanda za a bincika daga baya. Can Malam ya kwanta, ba a kore shi ba, ba a kuma san da shi ba.

Ku duba fa, jama'a. Kafin ranar 27 ga Agusta 1991, da wani ya yi wannan tuntuɓen alƙalami da sauƙi, don Kebbe da Birnin Kebbi duk ƙarƙashin Sakkwato suke, baitulmali guda. Tun da aka yanke Jihar Kebbi a ranar nan, harafi guda ya isa ya fitar da mutum daga jiharsa yana zaune a ɗakinsa.

Masu iya magana sun ce allura cikin ruwa mai rabo kan samu. Ni dai a ranar nan na ga an sami allura ba don rabo kaɗai ba, don an san yadda ake laluben. Saboda haka na yi ta komawa ofishin nan har kwana biyar, na zauna gaban yarinyar nan da ba ta kai jikata ta fari ba, na ce ta koya mini. Abin da na samo shi ne zan zuba muku, gwargwadon fahimtar tsoho.

Baƙin allon nan masu aikin suna kiransa taminal, ni kuwa na sa masa allon umarni. Bambancinsa da abin da muka saba shi ne, da linzami kai ne kake yawo da ƙafarka, ka buɗe wannan jaka, ka rufe, ka buɗe waccan, kamar akawun da ba shi da masinja. A allon umarni kuwa kana zaune ka rubuta abin da kake so, ka aiki na'ura ta je ta kawo. Masinjoji biyu ne manya a wannan fage. Sunan ɗaya find, sunan ɗayan grep. Na farko yana duba bayan fayil, watau sunansa da girmansa da ranar da aka taɓa shi. Na biyu shi buɗe fayil yake yi ya karanta abin da ke ciki. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin rajista ya san waɗannan ayyuka biyu ne dabam: akwai neman fayil a kabad, akwai neman magana a cikin fayil.

Bari mu fara da mai duba kabad. In kana neman duk fayil ɗin da akwai kalmar fansho a sunansa, sai ka rubuta:

find . -iname "*fansho*"

Ɗigon nan da ke bin sunan masinjan ma'anarsa "daga nan inda nake tsaye, da dukan jakunkunan da ke ƙarƙashi." Taurarin biyu kuwa suna nufin ko mene ne ya gabata, ko mene ne ya biyo baya, ba ruwanka. Kalmar da ke tsakiya, mai ɗan karan a gabanta, ita ke gaya masa ya nema da suna, kada kuma ya damu ko da babban baƙi aka rubuta ko da ƙarami. In kuwa sunan ma ya ɓace maka, abin da ka tuna kurum shi ne a cikin makon nan ka yi aikin, sai ka ce:

find . -mtime -7

Zai jero maka duk abin da aka canja cikin kwana 7 da suka wuce. Wannan kaɗai, da na san shi tun ina aiki, da ya raba ni da faɗan manya da yawa.

Akwai wani ƙanensa wai shi locate, wanda ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Dalilin saurin nasa shi ne ba ya zuwa kabad ko kaɗan, fihirisa yake dubawa wadda aka riga aka rubuta. Malamai sun san halin fihirisa: in an ƙara littafi a ɗaki ba a ƙara shi a fihirisa ba, mai dogara da ita zai rantse babu shi. Haka locate yake, fayil ɗin da ka ajiye da safen nan ba lalle ya san da shi ba sai an sabunta masa fihirisarsa da umarnin updatedb. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

Mu komo kan grep, don shi ne ya tono Malam, shi ne kuma na ga ya fi dacewa da ciwonmu. Mafi sauƙin aikensa shi ne:

grep -rni "kebbe" .

Harrufa ukun nan da ke bayan ɗan kara kowanne da saƙonsa. Na farko, r, ya ce a shiga kowace jaka da jakar da ke cikinta. Na biyu, n, ya ce in an samu a faɗi lambar layin. Na uku, i, ya ce kada a bambanta babban baƙi da ƙarami. Sai ya bi fayilolin nan kaf, duk layin da ya ga kalmar ya kawo maka shi ɗungum, da sunan fayil ɗin da ya same shi. In sunayen fayilolin kaɗai kake so, ka ƙara l. In ƙidaya kake so, watau layi nawa ne a kowane fayil, ka ƙara c.

To, amma da iyakar gwanintarsa ke nan, da bai fi akawun nan mai ladabi da kome ba sai sauri. Da an aike shi neman Muhammadu, shi ma da ya wuce Moh'd bai ko waiwaya ba. Inda ya yi fice shi ne ana iya ba shi siffar kalma maimakon kalmar kanta. A nan ne nake roƙon malamai su matso kusa, don su ne za su fi kowa saurin ganewa. Almajirin da ya iya duba Ƙamus na Fairuzabadi ba ya neman kalma yadda ya gan ta a littafi. Sai ya tuɓe mata riga da hula, ya zubar da harrufan ƙari, ya rage asali, kana ya nemi babi da harafin ƙarshe, ya nemi fasali da harafin farko. Wanda bai san wannan ba zai wuni yana juya takardu ya ce kalmar ba ta cikin Ƙamus, alhali tana nan. Aikin siffa a wurin grep ɗan'uwan wannan ne: ka tsaya ka tambayi kanka, mene ne ba ya sākewa a sunan nan ko wa ya rubuta shi, mene ne kuma kowa ke rubutawa yadda ya ga dama?

Ga abin da yarinyar nan ta buga a ranar, na sa ta rubuta mini shi a takarda:

grep -rniE "m[uo]ham+[ae]d|m[uo]h.?d" . | grep -iE "kuch?i"

Kada ya ba ku tsoro, a hankali ake cin ƙaya. Babban E da aka ƙara shi ne ke sanar da masinja cewa siffa ce za a ba shi. Harrufan da aka kulle cikin baka mai kusurwa ma'anarsu "ko wannan ko wancan," saboda haka farkon siffar ya kama Mu ya kama Mo. Alamar tarawa da ke bayan m tana nufin m ɗaya ko fiye, don wani yakan ninka ta wani ba ya ninkawa. Da wannan kaɗai an kama Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Muhamad da Mohamed a tarko guda. Sandar da ke tsaye a cikin siffar ma'anarta "ko kuwa." Abin da ke bayanta shi ne tarkon masu gajarta suna: ɗigo yana tsayawa a madadin kowane harafi guda, alamar tambaya kuma tana nufin "ko akwai shi ko babu." Nan Moh'd da Mohd da Muhd suka faɗa.

Da an tsaya nan, da rabin ma'aikatan ƙasar sun fito, tun da na gaya muku yawan masu sunan. Shi ya sa ta kafa wata sanda a waje, tsakanin umarni biyu. Wannan sandar aikinta dabam ne, kamar indararo take: abin da masinja na farko ya kwaso ba a zuba shi a allo ba, sai a kwarara shi hannun na biyu ya tankaɗe. Na biyun aka ce ya riƙe layukan da ke da Kuci ko Kuchi kaɗai. Ku lura ba ta sa Kebbe a cikin neman ba ko kaɗan. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Baba, an riga an nema da Kebbe sau uku ba a samu ba. Abin da kowa ya tabbata daidai ne, shi na fara zargi." Na yi shekaru ina aikin ofis, ban taɓa jin wanda ya faɗi wannan magana a fili haka ba.

Yanzu ku dubi yadda wannan ciwo ya game mana jiki. Garin nan da nake zaune, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, na gan shi a takardu Tambuwal, na gan shi Tambawal, a tsofaffin takardun Turawa kuma Tambawel. Siffa guda ta ishe su:

grep -rniE "tamb[ua]w[ae]l" .

Dogon Daji wani ya raba shi biyu, wani ya haɗe shi Dogondaji, maganinsa a bar fili a tsakiya a bi shi da alamar tambaya. Kebbe da Kebbi da Kebe kuwa "keb+[ei]" ta tattara su, sa'an nan kai mai hankali ka zauna ka rarrabe na Sakkwato da na maƙwabta.

Babban tashin hankalin ma yana wurin harrufanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Mu da muka yi aiki da tafireta mun san ba ta da su, sai mu buga k ko d, in akawu mai kula ne ya bi da alƙalami ya lanƙwasa musu kai. Da kwamfuta ta zo, wani ya rubuta ƙauye, wani k'auye, wani kauye kurum. A idonka kalma guda ce. A wurin na'ura kuwa k da ƙ ba su haɗa ko kakanni ba, kowanne da lambarsa a babban kundin harrufan duniya da ake kira Unicode. Saboda haka mai neman Ɗanjuma da lanƙwasa ba zai ga Danjuma ba har abada, sai ya ce wa masinja:

grep -rniE "[dɗ]'?an ?juma" .

Wanda ke da takardun da suka fito daga Jamhuriyar Nijar kuma ya tuna su can suna rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Masu rubutun Larabci su ma ba su tsira ba, don kalmar da aka yi wa wasali da wadda aka bari ba wasali, na'ura ba ta ɗauke su abu guda ba.

Wani zai ce wannan sabon yayi ne na yaran zamani. A'a, ya girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida. A shekarar 1969 wasu masana, Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu, suka fara gina wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Unix a ma'aikatar bincike ta Bell Labs, a jihar New Jersey ta Amurka. Thompson ɗin nan shi ne ya ƙera grep, ya kuwa shiga hannun jama'a a 1973. Sunan ba kalma ba ce, guntun wani tsohon umarni ne da ake rubutawa g/re/p, watau a bi ko'ina, a nemi abin da ya dace da siffa, a bayyana shi. Ita kanta dabarar siffar ta girme shi, wani masanin lissafi, Stephen Kleene, ya tsara asalinta tun 1951. Abin da ya ba ni dariya kuma, ranar 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a yanke Jihar Kebbi, wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana gina wani tsari irin na Unix wanda kowa zai samu kyauta, shi ne Linux. Ashe cutar Malam da hanyar da maganinta zai iso gare mu a mako guda aka haife su.

Malamai kuma su tuna irin wahalar da aka sha kafin wannan. Fihirisar kalmomin Hadisi da aka fara bugawa a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1936, ƙarƙashin jagorancin Wensinck, ba a kammala ta ba sai 1988, bayan wanda ya fara ta ya daɗe a ƙasa. Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi na Masar ya fitar da tasa ta kalmomin Alƙur'ani a 1945, duniya tana ta sa masa albarka har yau. Aikin da suka ƙarar da rayuwarsu a kai, watau a nuna maka kowane wuri da kalma ta fito, shi ne grep ke yi wa duk rubutun da ka ba shi kafin ka ƙifta ido. Ban ce ya kai su daraja ba, su sun san ma'anar abin da suke jerawa, shi kuwa bai san kome ba.

Ga wanda zai ce ofishinsu Windows ake amfani da ita, ba Linux ba, shi ma ba a bar shi a baya ba. A allon umarninta akwai dir /s /b mai neman fayil da suna, akwai findstr mai neman magana a ciki:

findstr /s /i /n "kebbe" *.csv

Sai dai findstr ba ya jituwa da harrufanmu masu lanƙwasa, yakan yi tuntuɓe a kansu. Tun 2016 kamfanin Microsoft ya buɗe hanyar da ake zaunar da Linux a cikin Windows, mai so ya sa wanda ya iya ya ɗora masa, ya sami grep na ainihi. Kwamfutocin Apple da su suke zuwa. Har a wayar hannu ta Android akwai wata manhaja, Termux, mai buɗe irin wannan allo. Abin da ya fi daɗa mini a kansu, mu mutanen karkara, shi ne ba su bukatar intanet, ba su kuma raina tsohuwar kwamfuta. In dai akwai wutar da za ta kunna ta, ko ta sola ce, aiki ya yiwu a Kebbe kamar yadda zai yiwu a Abuja.

Amma fa kada in yi muku tallan magani in ɓoye ɗacinsa. Shi grep tsurar rubutu yake karantawa. Takardun Word da jadawalin Excel na yanzu a ƙunshe suke, a matse, in ya leƙa cikinsu ba ya ganin kalmomin. Dalilin da ya sa aikin Malam ya yi sauri shi ne yarinyar nan, tun zuwanta ofishin, ta bi jadawalan ta ajiye kwafin kowanne a siffar csv, wadda tsurar rubutu ce. Takardar PDF kuma sai an tatse rubutunta da wani umarni wai shi pdftotext. In kuwa hoton takarda aka ɗauka aka ajiye, to babu abin tatsa, don a wurin na'ura hoton rubutu da hoton rago duk ɗaya ne. Wannan ya shafi malamanmu ƙwarai. Littattafan magabata na Larabci da ajami da ke Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da waɗanda ke cikin gafakokin gidajen malamai nan Tambuwal, ɗaukar hotonsu yana tsare su daga gara da gobara, wannan kuwa babban alheri ne. Amma ba za a iya neman kalma a cikinsu ba sai wani ya zauna ya buga su harafi harafi. Akwai na'urorin da ke ƙoƙarin karanta hoto, suna kuwa taɓukawa a kan bugun inji mai tsabta, amma rubutun hannu na warash da tawadar zuge sai ɗan Adam. Ga almajiran da suka sauke suna neman abin yi, ga aiki yana neman masu yi.

Sa'an nan akwai hatsari guda da na ce lalle sai na faɗa da babbar murya. Shi grep ba ya ɓata kome, karatu kurum yake yi. Amma find ana iya ɗaura masa wuƙa, watau a ƙara masa kalmar -delete, ya share duk abin da ya samo. Abin da ya share kuwa ba ya zuwa kwandon shara balle ka je ka tsinto. Mafi muni, shi daga hagu zuwa dama yake bin umarni, in ka yi kuskure ka sa wuƙar a gaba kafin sharaɗin suna, zai hau share duk abin da ke cikin jakar bai tsaya duba suna ba. Shawarata ga sabon hannu, kada ya kusanci wannan kalma. In ta zama tilas, ya fara aika find hannu wofi, ya karanta abin da ya kawo layi layi, ya tabbata yana da kwafi a wani wuri.

Kuma jadawalin albashi da na fansho asirin mutane ne. Wanda ya iya tono sunan mutum cikin ƙiftawar ido ya iya tono albashin maƙwabcinsa da bashin da ake binsa. Na yaba wa yarinyar nan da ta nemi izini kafin ta taɓa, ta kuma ƙi kwafar ko layi guda ta fita da shi. Da na roƙe ta abin da zan yi gwaji da shi a gida, sunayen garuruwa ta rubuta mini, ba na mutane ba.

Game da Malam, shugaban ofishin ya sa an mayar da i ɗin nan e a gabanmu, ya sa hannu, aka komar da sunan cikin jadawalin Kebbe. An ce masa ya saurari biya na gaba, yana nan yana saurare, in kuɗin sun shigo zan sanar da ku a wannan fili. Kafin mu fito na roƙi a sake aika masinjan cikin fayil ɗin nan na waɗanda aka jingine, a nemi sunayen garuruwan Kebbe da na Tambuwal ɗaya bayan ɗaya. Aka kuwa sami waɗansu bayin Allah kwance a can, an ce za a aika musu.

Ina roƙon kowane akawu da kowane malamin makaranta, daga Jabo da Sanyinna da Dogon Daji har Kuci, da na sauran ƙasashe duk inda jaridar nan ke zuwa, ya aiko wa Edita da sunan garinsu da dukan yadda ya taɓa ganin an rubuta shi a takardar hukuma, daidai da kuskure. In sun taru zan tsara wa kowane gari siffarsa, mu buga a nan, kowane ofis ya yanke ya manna a bango kusa da kwamfuta. Zancen wasiƙar ofis kuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Haza wassalam.

Naku,
Tsohon Akawu, Tambuwal.